Wa'azi Kaɗai Ba Ya Rufa Ɗaki: Ina Lauyoyinmu A Maganar Gidan Talaka?



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya lissafa matsuguni cikin ni'imomin da Ya yi wa bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana matasa maza da mata, maganar da zan yi yau ta fi shafar masu karatun lauya da masu niyyar yin sa, sannan ta shafi 'yan'uwana malamai. Mun shafe shekaru muna hawa mumbari muna cewa kuɗin ruwa haramun ne, kuma gaskiya muka faɗa. To amma magidancin da ya saurare mu ya yi imani da abin da muka faɗa, idan ya koma gida ya tarar ɗakinsa na yoyo, 'ya'yansa maza da mata sun balaga a ɗaki guda, wace ƙofa muka buɗe masa? Ra'ayina shi ne, yaƙi da kuɗin ruwa a harkar gidaje a kan takarda ake cin nasararsa: takardar fili, takardar yarjejeniya, da takardar doka. Masu wannan aiki kuwa lauyoyi ne, kuma mun ƙi tarbiyyantar da su domin shi. Ina ganin samar da su farilla ce ta kifaya, wadda idan kowa ya bar ta, laifin na hawa kan al'umma baki ɗaya.

ARZIKI A GONA, BABU TAKARDA

Bari mu fara daga gida. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta magudanai zuwa filayen Kadawa, ƙasar Garun Malam da Kura da Bunkure ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren noman rani a Nijeriya. An tsara kashin farko na shirin a kan hekta 22,000, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Wanda ya je kasuwar Kwanar Gafan a lokacin tumatir, ko ya ga injinan casar shinkafa a Kura, ba zai ce mutanen nan ba su da sana'a ba. Manomi a nan yana iya girbi sau biyu a shekara, shinkafa da damina, sannan tumatir ko alkama ko albasa ko masara da rani.

Sai dai ku ɗauki wannan manomi ku kai shi banki ya ce yana son a taimaka masa ya gina gida mai ɗaki uku. Tambayar farko ita ce takardar albashi, ta biyu kuma takardar shaidar mallakar fili, wadda aka fi sani da C of O. Ba shi da ko ɗaya. Abin da yake da shi shi ne gonar da ya gada, da shaidar maƙwabta, da sanin mai unguwa da dagaci, wani lokaci da 'yar takardar ciniki da aka rubuta da hannu aka dangwala yatsa. A idon jama'a mai arziki ne daidai gwargwado, a idon banki kuwa ba shi da komai.

Wannan ba ƙaddara ba ce da ta sauko daga sama, mutane ne suka rubuta ta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 5 ya ba gwamna ikon bayar da haƙƙin zama, sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin gargajiya a karkara. Sashe na 22 ya ce ba a sayar da fili mai haƙƙin gwamna ko a jinginar da shi sai da amincewarsa, sashe na 21 kuma ya ɗora irin wannan sharaɗi a kan haƙƙin gargajiya. Sashe na 36 ya bar wa mutanen karkara gonakin da suke nomawa kafin dokar, amma ya hana yanka su fuloti-fuloti ko mayar da su ga wani. Idan hukuma ta karɓi fili domin amfanin jama'a kuwa, diyyar da sashe na 29 ya tanada ta amfanin gona ce da gine-gine, ba ta darajar ƙasar ba. An kuma cusa dokar cikin Tsarin Mulki na 1999, ta yadda gyara ta sai an bi doguwar hanya irin ta gyaran Tsarin Mulkin.

Ku dubi shari'ar bankin Savannah da Ajilo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989. Mutum ya jinginar da gidansa a kan bashi, da aka zo sayarwa sai ya ce jinginar ba ta inganta ba domin ba a nemi amincewar gwamna ba, kotu kuma ta ba shi gaskiya. Wace cibiyar kuɗi ce, ta Musulunci ko wadda ba ta Musulunci ba, za ta zuba dukiyarta a kan filin da takardarsa ba ta tsaya da ƙafarta ba? Ashe tun kafin a kai ga maganar halal da haram, an riga an rufe wa talaka ƙofa da sakatar doka.

TSARIN DA AKA YI DOMIN MAI ALBASHI

Gwamnatin tarayya tana da tsarinta. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, yake kula da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata, kuma gyaran da aka yi a 2023 ya mayar da shigar ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu ganin dama. Wanda ya yi wata shida yana zubi zai iya neman lamuni ta hannun bankin lamunin gidaje, a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya har tsawon shekara 30, da sharaɗin kada abin da zai riƙa biya duk wata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da yake samu. Mai sana'ar kansa ma yana da damar shiga.

To mu yi lissafi. Wanda ya karɓi naira miliyan 5 a kan wannan sharaɗi zai riƙa biyan kusan naira 30,000 duk wata, kuma kafin shekara 30 ta cika ya biya kusan miliyan 10 da dubu 800. Kenan sai mai samun kimanin naira 90,000 a wata ne zai cancanta, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a ƙasa a 2024 naira 70,000 ne, kuma a wannan shekarar buhun siminti ya haura naira 10,000. Idan ya je bankin kasuwanci, a ce ruwan kashi 25 ne na shekara 10, zai biya sama da naira 113,000 duk wata, jimilla fiye da miliyan 13 da rabi.

Akwai matsala biyu a nan. Ta farko ita ce ruwan, ko da kaɗan ne. Ta biyu ita ce kalmar "duk wata". Manomin Chiromawa ko Yadakwari ba ya samun kuɗi duk wata. Kuɗinsa na zuwa ne bayan girbi, kuma akwai shekarar da ba sa zuwa. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki a wannan yanki har farashi ya yi tashin gwauron zabi a faɗin ƙasa, kuma masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a shekarar ta tsaya saboda rashin kaya. Bashin da ruwansa yake ƙaruwa ko an girba ko ba a girba ba, igiya ce a wuyan mai irin wannan sana'a.

Gwamnatocinmu kuma idan sun tashi maganar gidaje, gini suke nufi. An yi gidajen Shagari a Jamhuriya ta Biyu. A Kano, tsakanin 2011 da 2015, an gina rukunan Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Ba siyasa nake yi ba, kuma ban ce gini laifi ne ba. Tambayata ita ce, duk wanda ya taso daga Garun Malam zuwa birni ta hanyar Zariya yana wuce wasu daga cikin waɗannan gidaje, to manomi nawa ne ko malamin firamare nawa ne zai iya ko da tambayar farashinsu? Sashe na 16 na Tsarin Mulki ya ɗora wa hukuma samar da matsuguni mai kyau ga 'yan ƙasa, amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta abin da ke cikin wannan babi. Alkawari ne da ba a iya kai ƙara a kansa.

KUƊIN RUWAN DA KE CIKIN GIDANMU

Kada kuma mu ɗauka cewa tunda talakanmu ba ya shiga banki ya tsira. Idan magidanci ya matsu zai yi rufi ko zai aurar da 'ya, abin da aka saba shi ne ya jinginar da gonarsa. Mai kuɗi ya ba shi bashi, ya karɓi gonar yana nomawa yana cin amfaninta, shekara biyu, shekara biyar, har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa cif. Ina tambayar ɗalibaina da suka karanta Risala: me ake kiran bashin da ya jawo wa mai bayarwa amfani? A mazhabarmu ta Malikiyya jingina amintarwa ce kawai, kuma bai halatta mai bin bashin rance ya sharɗanta cin amfanin abin da aka jingina masa ba. Gonar rani mai ba da girbi biyu, idan aka ƙiyasta kuɗin hayarta a shekara, sau da yawa abin da mai jinginar yake ci ya fi ruwan banki.

An taɓa kira na tare da wasu dattawa sulhu a kan wani gida. Marigayin ya sayi filin ya gina, ya rasu ya bar mata da yara ƙanana. Sai ga magadan wanda ya sayar sun zo suna cewa filin na gado ne da ba a raba ba, ɗan'uwansu ba shi da ikon sayar da rabonsu. Takardar cinikin ba ta ambaci iyaka ba, ba ta ambaci faɗi da tsawo ba, shaidu biyu cikin uku sun rasu. Matar tana da gaskiya, su ma magadan suna da hujja, domin haƙƙin shuf'a da na gado ba wasa ba ne. Da an sami wanda ya san fiƙihun gado ya kuma san dokar ƙasa a ranar cinikin, da awa guda ta ishe shi toshe wannan ɓaraka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

SHARI'A BA TA BAR MU HAKA BA

Abin takaicin shi ne mafita tana cikin littattafan da muke karantarwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da siffar marubucin, da shaidu, kuma ta zo ne jim kaɗan bayan ayoyin da suka haramta kuɗin ruwa. Ayar da ke bi mata ta yi maganar jingina. Allah Ya rufe ƙofa ɗaya, nan take Ya koya mana yadda za a tsare ɗayar. Malamanmu na Malikiyya a Andalus da Magrib sun mayar da rubuta yarjejeniya fanni mai zaman kansa, ilimin wasiƙu da sharuɗɗa, wanda irin su Ibnul Aɗɗar da Wansharisi suka yi wallafa a kai. A nan ƙasarmu Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan hanyoyin mallakar ƙasa. Magabatanmu ba su ɗauki takardar fili abin duniya da malami zai ƙyamata ba.

A zamaninmu ma an yi aikin. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta tabbatar da cewa matsuguni buƙata ce ta asali, ta haramta samar da shi ta lamuni mai ruwa, sannan ta jero hanyoyin halal, kamar rancen hukuma marar ruwa, da gina gida a sayar a biya kaɗan-kaɗan, da istisna'i, wato a ba magini kwangilar gida mai siffa sananniya a kan farashi sananne. A zamanta na Maskat a 2004 ta amince da musharaka mai raguwa, tare da sharuɗɗa.

Bari in kwatanta wannan ta ƙarshe da misalin da ya dace da mu. Gida ne na naira miliyan 6, aka kasa shi kaso 60, kowane kaso naira 100,000. Manomi ya kawo filinsa da ɗan abin da ya tara, ya mallaki kaso 15. Ƙungiyar gama-kai ko banki ya mallaki 45. Idan hayar irin wannan gida a garin naira 300,000 ce a shekara, zai biya hayar rabon abokin tarayyarsa kawai, wato 225,000. Bayan girbin shinkafa da na rani ya sayi kaso 10, sai hayar baɗi ta sauko zuwa 175,000. Haka zai yi ta yi har gidan ya zama nasa. Shekarar da tsutsa ta ci tumatir, sai ya biya haya ya dakata da saye, babu bashin da ke haihuwa a kansa. Sharuɗɗan da malamai suka gindaya su ne, kada a tilasta masa sayen kason a kan farashin ranar farko, a sayar a kan farashin ranar ciniki ko abin da suka daidaita a lokacin, kuma idan gobara ko ambaliya ta ci gidan, asarar ta hau kan kowa gwargwadon rabonsa.

A allo wannan abu ne mai sauƙi. To amma sunan wa za a sa a takardar filin? Duk lokacin da kaso ya canja hannu sai an koma neman amincewar hukuma? Sau nawa za a biya kuɗin hatimi da rajista? Idan manomin ya rasu yana da kaso 35, yaya za a yi da magada, kuma wa ke da shuf'a? Idan rikici ya tashi, wace kotu za a je, tunda sashe na 277 na Tsarin Mulki ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a kan al'amuran iyali kamar aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi? Babu ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi da za a amsa da ɗaga murya a mumbari. Amsarsu tana wurin wanda ya haɗa Tuhfatul Hukkam da Dokar Amfani da Ƙasa a ƙirjinsa.

Ku dubi abin da ya faru a Ingila. Musulmin can sun daɗe suna fama da tsadar sayen gida ta hanyar halal, domin idan banki ya sayi gida sannan ya sayar wa mutum, harajin hatimi sau biyu ake biya. A 2003 aka gyara dokar kuɗi ta ƙasar aka cire ninkin. 'Yan tsiraru ne a ƙasar da ba ta Musulmi ba, amma sun zauna da masana doka da Babban Bankin ƙasar har aka canja sassan da ke cutar da su. Mu kuwa a Kano, inda aka ƙaddamar da Shari'a tun 2000, kuma 'yan majalisar jiha 'ya'yanmu ne, wane uzuri ne gare mu?

Ba wai ba a fara komai ba. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin banki marar ruwa a 2011, zamanin Malam Sanusi Lamido Sanusi. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Jihar Osun ta fitar da sukuk a 2013, gwamnatin tarayya ta fitar da na naira biliyan 100 a 2017 domin gina hanyoyi. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Kayan aikin suna nan. Abin da ya rage shi ne mai ɗinka su daidai jikin talakan karkara.

AMSA GA MASU SUKA

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha jin sa. Na farko su ne masu cewa aikin lauya haramun ne, hidima ce ga dokar da ɗan'adam ya ƙirƙira, kuma lauya maƙaryaci ne. Ina ce musu, wakilci a husuma babi ne sananne a fiƙihu. Abin da aka hana shi ne kare maha'inci, kamar yadda aya ta 105 a Suratun Nisa'i ta nuna, da rubuta yarjejeniyar kuɗin ruwa, domin hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya haɗa marubucinta da shaidunta cikin la'ana tare da mai ci da mai bayarwa. Wannan hadisi hujjata ce. Idan alƙalamin da ya rubuta haram yana da zunubi, alƙalamin da ya rubuta halal ya kuɓutar da iyali yana da lada. Kuma idan duk mai tsoron Allah ya guje wa fagen, wa kuke so ya rubuta dokar da za ta hau kan gonar mahaifinku?

Na biyu su ne masu cewa lalura ce, kuma ruwa kashi 6 a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024 kyauta ce. Sukan kafa hujja da fatawar Majalisar Fatawa ta Turai ta 1999, wadda ta yi rangwame ga Musulmin da ke zaune a can su sayi gidan zama da irin wannan lamuni idan babu wata hanya. To wannan fatawa ta 'yan tsiraru ce da ba su da iko, kuma ko a can malamai da yawa ba su yarda da ita ba. Wanda yake da ikon haƙa rijiya ba ya dawwama a kan taimama. Amma maganarsu ta hauhawar farashi tana da ƙanshin gaskiya ta wata fuska: asusun da ke ba da rance marar ruwa na shekara 20 zai narke kafin kuɗin su dawo. Shi ya sa tarayya da haya suka fi dacewa, domin darajar kason tana tafiya tare da darajar gidan.

Na uku su ne masu cewa bankunan Musulunci suna ne kawai aka canja, kuma wani lokaci sun fi tsada. Ban zo kare kowane banki ba. Duk inda aka rubuta musharaka a saman takarda, amma a ciki aka ɗora wa talaka dukkan asara aka lamunce wa mai kuɗi jarinsa da ƙari, to kura ce da fatar akuya. Sai dai wa zai gano hakan? Yarjejeniyar shafi talatin ce da Turancin lauyoyi. Malamin da ba ya iya karanta ta ba zai iya hukunta ta ba, manomin kuwa dangwala yatsa zai yi. Wannan suka ma kira ce ga abin da nake kira gare shi.

Na huɗu su ne ɗaliban da kansu, masu cewa babu kuɗi a wannan layi. Ba zan yaudare ku ba, wanda yake son babbar mota cikin shekara uku ya nemi wani fage. Amma bankuna marasa ruwa, da ma'aikatun ƙasa da gidaje, da kwamitocin majalisa, da ƙungiyoyin gama-kai, da hukumomin waƙafi duk suna buƙatar wannan ƙwarewa, kuma masu ita kaɗan ne. Arziki na Allah ne, kuma abincin da aka ci ta hanyar rufa wa marayu asiri ba ya zama ɗaya da wanda aka ci ta hanyar jan shari'a shekara goma.

ABIN DA NAKE KIRA A YI

Akwai abin mamaki a yankinmu. Reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya a Bagauda yake, tafiyar da ba ta da nisa daga gonakin Kadawa. Duk shekara ana yaye ɗaruruwa, suna wucewa ta gaban waɗannan garuruwa zuwa Abuja da Legas. Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello suna koyar da dokar ƙasa haɗe da Shari'ar Musulunci, kuma Bayero tana da cibiyar nazarin banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Ilimin yana kusa da mu, amfaninsa ne yake nesa.

Ya kai ɗalibin lauya, ya ke ɗaliba, ku riƙi darasin dokar ƙasa da na rubuta yarjejeniya da muhimmanci, kada ku yi musu karatun cin jarrabawa. Ku koma gaban malamin zaure ku karanta babin ciniki da haya da tarayya da jingina da shuf'a da hubusi da gado. Ku koyi lissafin kuɗi, domin lauyan da bai iya lissafi ba ba zai gane inda aka ɓoye ruwa ba. Idan za ku rubuta kundin kammala karatu, ku zo ku zauna da manoma ku tambaye su yadda suke jingina. Ku fitar mana da takardar cinikin fili da ta tarayyar gida da Hausa, shafi biyu, wadda mai unguwa zai iya karantawa, kotu kuma ta karɓa.

Ya ku 'yan'uwana malamai, mu daina tsayawa a babin tsarki da salla muna tsallake mu'amala. Duk huɗubar da muka yi a kan kuɗin ruwa, mu haɗa ta da bayanin hanyar halal, mu kuma faɗi gaskiya a kan jinginar gona ko da mai cin ta yana sahun gaba. Mu tuna wa masu hali cewa Sayyidina Umar (RA) gonarsa ta Khaibara ya yi waƙafi da ita. Filin da aka yi hubusi domin gidajen zawarawa da marayu da malaman makaranta sadaka ce mai gudana, amma sai an yi masa rajista da amintattu da takarda mai ƙarfi, in ba haka ba magada za su cinye shi bayan shekara ashirin.

Ga manoma da 'yan kasuwa, adashin da muke yi tushe ne mai kyau. A mayar da shi ƙungiyar gama-kai mai rajista da kundin dokoki da mai binciken kuɗi, a tsara zubi a kan lokacin girbi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga wakilanmu a majalisar jiha da shugabannin ƙananan hukumomi kuma, muna buƙatar a sauƙaƙa rajistar filayen karkara a kawo ta kusa da jama'a da kuɗi kaɗan, a yi tanadin da zai sa tarayyar gida ta biya kuɗin rajista da amincewa sau ɗaya, a kuma fayyace inda za a warware rikicin irin waɗannan yarjejeniyoyi a gaban masu sanin fiƙihunsu. Ku kuma matasa, ku sani ɗan majalisa ba kasafai yake rubuta ƙudiri da hannunsa ba. Wani ne yake rubuta masa. Ku zama ku ne wannan wani.

Ranar da za a tambaye mu, ba za a tsaya a kan ko mun faɗa wa mutane haram ba. Za a tambaye mu abin da muka yi da ilimi da yawa da ikon da aka ba mu, alhali maƙwabcinmu yana tsakanin ɗakin da ke yoyo da bashin da ke halakarwa.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga cin haram da rubuta shi, Ya rufa wa kowane magidanci asiri, Ya fitar mana da matasan da za su ɗauki wannan nauyi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Allah Ya sa mu dace, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.